Solar da masu shagon Adum suka haɗa min: yabo da ƙorafi gaba ɗaya

Salam 'yan uwa. Tunda aka hango farantan sola a saman kwanon gidanmu a Aboabo nan Kumasi na rasa sakat, wajen suna, wajen biki, har cikin pragya, keken hayan nan mai ƙafa uku, sai wata ta taɓo ni, Hajiya yaya solar nan, tana aiki kuwa, wa ya haɗa miki, firiza na tashi da ita? To bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta. Ba zan kama sunan shagon ba saboda akwai yabo a ciki akwai kuma ƙorafi, kuma ba wanda ya biya ni kuɗin talla, shago ne dai cikin masu sayar da kayan wuta na Adum, suna sayar da kayan kuma suna da yaransu masu zuwa gida su haɗa. Damina ta wuce a kanta, hunturu ma ya wuce, azumi ya wuce, saboda haka ina ganin yanzu ina da bakin magana.

A taƙaice dai aikin ya yi, in maki ne zan ba su bakwai cikin goma. Amma abin da ya sa ya yi ba farantan da kuke hangowa ba ne, lissafin da aka zauna aka yi kafin a sayi ko ƙusa ɗaya ne, sai kuma batir. Duk wanda zai sayar miki da sola bai tako gidanki ya ga abin da za ki jona ba, wlh ki riƙe kuɗinki.

Ni sana'ata sobolo ne da lamurji da burkina, sai ƙanƙara da nake ɗaurawa a leda masu sayar da fiya wata suna sara. Firiza biyu gare ni. Duk mai wannan sana'a ta san burkina ba ya jira, madara ce da gero, in aka yi laitof tun dare har rana ta take to ya fara tsami kenan, ba ki da yadda za ki yi sai rabawa yara ko zubarwa, ƙanƙara kuma ta koma ruwa, masu sara su wuce wajen wata. Kuma mu da muka ga dumsor, wato yawan ɗauke wutar nan na 2012 zuwa 2016, ba mu manta ba, tun daga lokacin da bututun gas ɗin da ke zuwa daga Najeriya ya lalace a tekun Togo a watan Agusta 2012, ga ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, a 2015 har aka kai ana ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12. Mata nawa ne suka bar sana'ar sanyi a shekarun nan a zango? Yanzu alhamdulillah ba a cikin wannan hali ake ba, amma ko wutar na nan akwai maraicen da za ki ga ta yi ƙasa, fanka na juyi kamar ba ta so, firiza na ƙugi ta kasa tashi. Masta ɗin shagon shi ya min bayani, yace yawancin injinan da ke samar da wuta suna can Tema da Aboadze kusa da Takoradi, sai madatsar Akosombo da Kpong, kafin ta taso ta iso Kumasi ta yi tafiya mai nisa, shi ya sa ma aka kwaso injinan tashar wuta ta Ameri daga Aboadze aka kafa su a Anwomaso nan gefen Kumasi aka buɗe a 2024, megawat 250 ne gaba ɗayansu, don tsakiyar ƙasa ta samu ƙarfin wuta.

To ga inda suka burge ni. Sauran shagunan da na leƙa da na ce sola nake so sai a ce nawa gare ki, a fito da takarda mai fakej ƙarami da matsakaici da babba, zaɓi ɗaya. Wannan kuwa Masta yace Hajiya ba zan faɗa miki kuɗi a nan ba sai na zo gida. Ya zo da yaronsa ɗaya da wata 'yar na'ura da ake maƙala wa a jikin waya ta nuna abin da abu ke ja, ya bi kaya ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa a bayan kwalin sabulu, ƙwan fitila nawa, fanka nawa, talabijin, keken ɗinkin maigida, firiza biyun. Da ya zo kan tsohuwar firizar, wadda na saya na hannu tun da daɗewa, ya maƙala na'urar ya jira ta tashi, sai ya kira ni yace Hajiya zo ki gani da idonki. Lambar ta yi tsalle sama lokacin tashi ta ninka sau da yawa sannan ta sauko ta tsaya, kuma inda ta tsaya ɗin ma kusan ninkin na sabuwar ne. Ya sa takarda a bakin murfin ya rufe ya ja, takardar ta zare salin alin, yace robar bakin ta mutu, sanyi na fita, shi ya sa injin ba ya hutawa. Yace in kika ce wannan za ta hau sola sai na ƙara miki faranti biyu da batir, kuɗin ya fi na sabuwar firiza, gara ki sayar da ita ki sayo mai tambarin nan ruwan ɗorawa na hukumar makamashi, wato Energy Commission, mai taurari, ki duba mai taurari da yawa. Mutumin da in ya yi shiru shi zai ƙaru fa. A nan na yarda da shi. Dama tun 2013 gwamnati ta hana shigo da firij na hannu ƙasar nan saboda shan wutarsu, mu ne dai ba ma ji.

Abin da aka haɗa min: faranti huɗu kowanne wat 550, inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, irin wadda ke karɓar rana ta kuma karɓi wutar layi, sai batir lityum ɗaya mai bolt 24 am 200, wato kusan yunit biyar yake ɗauka, irin yunit ɗin nan da mita ke cinyewa in kin sa kiredit. An raba wayoyin gida biyu, firiza da fitilu da fankoki da talabijin da soket ɗin caji suna kan sola, ayon da hita da abin dafa ruwa an bar su a wutar layi. Wannan rabon ma nasu ne kuma daidai ne, don gidan da ke da yara in ba a raba ba wata rana sai an jona ayon da tsakar dare batir ya kwanta.

Maganar batir ita ce magana. Kusan rabin kuɗin duka a kansa ya tafi, maigida har sai da ya ɗaga murya yace Masta wannan ɗan akwatin ne zai ci kuɗin da ya fi na farantai huɗu? Akwai masu ruwa, dogayen nan, sun fi araha nesa ba kusa ba, kuma shagon na sayar da su, bai ɓoye mana ba. Amma yace Alhaji mai ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa, in kana zuƙe shi ƙarƙaf kullum ba zai yi nisa ba, ga ƙara masa ruwa, ga zafin ɗaki na cin sa, shi kuma lityum za ka iya shan kashi 80 ko fiye kullum ya yi shekaru. Wato in ka sayi mai ruwa na yunit biyar, biyu da rabi ka saya. Maƙwabciyata da ta sa masu ruwa a wani waje kafin ni yanzu ƙarfe biyun dare inbatarta ke fara kuka, tana ta neman masu kondem su saya. Nawa kuwa in ya cika da rana, firiza biyu da fanka uku da fitilu har asuba, in na tashi sallah in leƙa allon sai in ga saura kusan kashi 30. A azumi na fi jin daɗinsa, don lokacin ne kasuwar sanyi ke ci, ana la'asar yara sun yi layi da kula suna jiran ƙanƙara, unguwa ba wuta ni ko a jikina.

Amma kar wanda ya ce muku sola ta raba ku da wutar layi a Kumasi. Ƙarya ne. Garin nan garin hadari ne, daga Yuli zuwa Agusta sai a wuni sama a rufe, ba ruwa ba rana, wani yayyafi yayyafi da sanyi, farantan nan suna kawo wuta amma kaɗan, akwai ranakun da batir ba ya cika sai inbata ta jawo daga mita ta cike. Yaron Masta ɗan Navrongo ne, yana jin Hausa tar, kullum cikin tsokana yake wai Hajiya ku 'yan Kumasi ba ku da rana, da a garinmu ne farantan nan huɗu da sun yi aikin biyar, shi ya sa tashar sola ta farko da VRA, hukumar gwamnati mai samar da wuta, ta gina a garinsu aka kafa ta a 2013, ƙarama ce megawat 2.5, daga baya aka yi na Lawra da Kaleo can yankin Wa. Gaskiya ya faɗa kam. A Bui ma bayan madatsar da aka buɗe a 2013 mai megawat 400 sun shimfiɗa farantai na megawat 50 a ƙasa, har da waɗansu masu iyo a kan ruwan na megawat 5, da rana a sha rana a adana ruwa, da dare a saki ruwa. Nace to ai nima haka nake yi da mitata.

Hunturu kuma ƙura. Wannan ba su gaya min tun farko ba kuma ya kamata su faɗa. Cikin Disamba da Janairu na ga batir na jinkirin cika alhali ga rana, na kira, sai yaron yace a hau a duba. Ɗan yayata ya hau, ya shafa yatsa a kan gilashin sai ga layi, jar ƙura ta yi musu bargo. Ruwa da tsumma mai laushi kawai, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, ba omo ba soson ƙarfe, ranar kafin azahar batir ya cika. Amma fa an kafa su can ƙuryar kwano inda sai da doguwar tsani ake kaiwa, ba su yi tunanin mai wankewa ba sam.

To tunda an shigo ƙorafi bari in zazzage.

Na farko alƙawari. An ce ranar Litinin za a zo, Litinin ta wuce, wata Litinin ɗin ma ta wuce, kullum Hajiya muna wani aiki a Ejisu, gobe insha Allah, ga kuɗina rabi a hannunsu. Da suka zo kam sun yi aiki mai tsabta, wayoyi duk cikin bututu, an sa bireka tsakanin faranti da inbata, wata tsakanin batir da inbata, an manna takarda an rubuta kowacce. Amma takardar kuɗin farko ba ta da ƙarfen da ake binnewa a ƙasa da abin kare tsawa, sai da aka zo ana aiki ake ce min ai sai an sa su, ƙarin kuɗi. Ba wai bai kamata a sa ba, garin da ake tsawa kamar Kumasi dole ne, amma abin da ya zama dole ai a takardar farko ya kamata ya fito ba sai mutum ya gama lissafinsa ba.

Na biyu yoyo. Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi, ɗakin yara ya ɗiga daidai inda suka huda kwano suka ɗaure ƙarafan. Na kira Masta bai ɗauka ba, na tura saƙon murya a WhatsApp an saurara ba amsa, sai da maigida ya tafi Adum da kansa sannan aka turo yaro da gam ya toshe. An gyara kuma bai sake ba, ba su karɓi ko pesewa ba, amma silin ya riga ya yi tabo. Abin da na lura kafin ka biya wayarsu na shiga tun bugun farko, bayan ka biya sai ka yi haƙuri. Ba mugunta ba ce a ganina, aiki ne ya musu yawa kuma yaran da suka iya aikin ba su da yawa, kowa yanzu sola yake so, amma ni mai firiza cike da kaya wannan uzurin ba ya min maganin komai.

Na uku garanti. Da baki an ce batir shekara biyar, da aka kawo rasit sai na ga an rubuta biyu. Ɗiyata ce ta gani ta nuna min. Da na yi magana yace biyu na shago ne, sauran na kamfanin da ya ƙera ne. To kamfanin yana Sin, ni ina Aboabo, wa zai kai min? Na dage sai da ya rubuta lambar jikin batirin da ta inbata a rasit ya sa hannu ya buga hatimi. Dan Allah duk mai saye ta yi haka, kuma ta ɗauki hoton rasit ɗin a waya.

Sai ƙananan abubuwa, fankar cikin inbata na da ƙara in rana ta take, gara da aka sa ta a baranda ba a ɗakin kwana ba. Manhajar waya da aka ce zan rinƙa ganin komai daga nesa ta yi aiki kwana kaɗan ta daina haɗuwa, har yau ana zuwa.

Kuɗi ba zan rubuta adadi ba saboda in na rubuta yau gobe ya canza, kayan nan duk daga waje suke zuwa kuma dala suke bi. Abin haushi dai in sidi ta faɗi kamar yadda ta yi a 2022 kafin la'asar an canza farashi, amma da ta farfaɗo a 2025 daga wajen 15 zuwa kusan 10 a dala ɗaya sai ka ji ai tsohon kaya ne da tsada muka saro. Wannan ba su kaɗai ba ne, duk layin haka suke. Sun yarda na biya kashi biyu, rabi kafin aiki rabi bayan an kunna, ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, amma ba su da tsarin biya kaɗan kaɗan duk wata, kuma a ganina nan ne babban gibin yake. Ni adashi biyu na haɗa da kuɗin tsohuwar firiza da taimakon ƙanina da ke waje. Mai koko da ƙosai ko mai aski da ke buƙatar ƙaramin abu ina zai samu dunƙulallen kuɗi haka? Kiredit ɗin da nake sa wa mita kam ya ragu sosai, abin da da ba ya kai mu ƙarshen wata yanzu yana haura wata biyu in ba lokacin hadari ba, ga PURC, hukumar da ke tsayar da farashin wuta da ruwa, duk bayan wata uku suna sake duba farashin wuta, amma ni ba a nan nake ganin ribar ba, a kayan da suka daina lalacewa ne da kwastomomin da suka san ko yaushe suka zo za su samu mai sanyi.

Wani abin da masu shago ba za su gaya miki ba shi ne maganar gidan haya. Mu gidan gado ne na maigida shi ya sa ba mu sha wahala ba. Yawancin mutanen zango kuwa ɗaki da falo ne a gidan haya mai mutane da yawa, kwano ɗaya, wani wajen ma mita ɗaya ana ta rigimar wa ya fi shan wuta. Kafin ki je Adum ki fara zuwa wajen mai gida, a yi magana a gaban shaidu, in za ki tashi za ki cire kayanki, wa zai toshe hudar kwano. Wata ƙawata a Asawase sai da ta sayi kaya mai gida yace ba a huda masa kwano, suna nan jingine a ɗaki. Irin su gara ƙaramin akwatin nan mai batir a ciki da faranti ɗaya da ake fitarwa da safe a shigar da yamma, shagon na da su, fanka da fitila da cajin waya zai riƙe, firiza dai a'a ko me mai sayarwa zai rantse miki.

Da muna hira ranar da suka gama aiki, maigida na cewa ai ƙasar nan an ci gaba, tun da Nkrumah ya buɗe Akosombo a 1966, aka zo aka fara shirin kai wuta karkara a 1989, yau fiye da kashi 80 na mutanen Ghana na da wuta, kaɗan ne a Afirka ta Yamma suka kai haka. Masta yace haka ne Alhaji amma jona waya daban, wuta ta zauna daban. Kuma har yanzu abin da rana ke bayarwa a wutar ƙasa ɗan kaɗan ne, yawanci gas ne sai ruwa, dokar makamashin da ake sabuntawa tun 2011 aka yi ta, aka ce kashi 10 na wutar ƙasa ya fito daga irin su rana da iska kafin 2020, ba a kai ba aka matsar zuwa 2030. Yace inda sola ta fi canza rayuwa ma ba birni ba ne, tsibiran ruwan Volta ne irin su Pediatorkope a cikin kogin can wajen Ada da waɗansu a cikin tafkin, mutanen da ke zaune a kan ruwan da ke ba mu wuta amma su ba turakun wuta, sai da aka kafa musu ƙananan tashoshin sola. Ni dai abin da na ce musu shi ne in da gaske ake son abin ya yaɗu a nemo wa masu ƙananan sana'a hanyar biya a hankali, rana ai ba a saye, batir ne ke kashe mutum.

Masu tambaya ko zan tura su wajensu, eh zan tura, amma da sharaɗi. Ki ce sai Masta da kansa ya zo ya auna ba yaro kaɗai ba. Ki nemi ganin katin shaidar mai haɗa wayar, Energy Commission na ba masu aikin wayar gida lasisi, nasu ya nuna min ba gardama. Ki ce a rubuta komai a takarda ɗaya har ƙarfen ƙasa da abin tsawa da kuɗin aiki, kar ki biya rabin ƙarshe sai an yi ruwa kin duba silin in lokacin damina ne, kuma ki tsaya a kansu a kafa farantan inda tsani zai kai. In kina da niyyar ƙara firiza nan gaba ki faɗa tun yanzu a sa inbatar da za ta ɗauka, tawa tana da sauran wurin faranti biyu, su nake tara wa kuɗi yanzu in sa kafin hadarin Yuli ya dawo, na riga na gaya masa wannan karon sai ya zo da kayan ya ɗora sannan zai ga kuɗinsa.